Daga Tunkuzar Kakata Zuwa Botar Mai Shayi

Ina yaro a Sae Sabuwa, ranar da kakata za ta yi mai, unguwa duka sai ta sani. Tun da hantsi ƙamshin suyar gyaɗa ke cika gida. A kai niƙa, a dawo, ta zauna tana juya ƙullun a turmi tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Mu yara tunkuza muke jira, da ƙuliƙulin da za a toya da yamma. Man nan da na shanu su ne maiƙon gidanmu.

Sai da na girma na gane cewa gyaɗar nan tana da wani tarihi da bai tsaya a turmin kakata ba. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar cusa iskar haidurojin cikin mai na ruwa har ya daskare kamar kitse. Ga ƴan kasuwar Turai wannan abu ya yi daidai: man ba ya saurin lalacewa, yana da araha, kuma ana iya yin bota da shi ba tare da saniya ba. A 1911 kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da Crisco, daskararren mai na irin auduga. A wannan shekarar ce kuma layin dogo ya iso Kano, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya kankama, domin masana'antun botar Turai na neman mai ido rufe. Ƙasar Maraɗi ta shiga sahu daga baya, gyaɗarmu ta riƙa bin hanyar Kano zuwa Legas. Iyayenmu sun biya haraji da kuɗinta. Bayan ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don saye da fitar da ita, ga kuma masana'antar mai ta SICONIGER a cikin birnin Maraɗi.

Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan zamani. Manoma da yawa suka koma gero da wake. Mu da muke aika gyaɗa waje muka wayi gari muna sayen mai a jarka, da biskit a kwali, da bota a roba.

A nan ne maganar lafiya ta shigo. Idan aka daskarar da mai rabi da rabi ta waccan dabara, wani irin kitse yana samuwa a ciki wanda masana ke kira tarans. Shekaru da dama Turawa da kansu suna ɗaukar botar masana'anta ta fi ta shanu lafiya. A 1990 masu bincike biyu a ƙasar Holan, Mensink da Katan, suka nuna cewa kitsen nan yana ƙara mummunan kolestarol a jini, ya kuma rage mai amfanin. Sannu a hankali jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini su ƙuntata, wata rana mutum yana tsaye ya faɗi. A ƙauye irin namu sai a ce ajali ne, a yi jana'iza, magana ta wuce.

Kada a fahimce ni baibai. Ba kowane man jarka ne ke ɗauke da wannan illa ba, kuma ko man shanu yana da ɗan kaɗan na halitta. Inda abin ya fi taruwa shi ne daskararren man masana'anta da ake zubawa a biskit, kek, wasu burodi da wasu botoci. Man suya da ake ta maimaitawa har ya yi baƙi shi ma ba abin yarda ba ne.

Danmak ce ta fara kafa doka a 2003: kada tarans ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi gaba ɗaya, tana ƙiyasin yana jawo mutuwar sama da mutum 500,000 a shekara. Najeriya, ta hannun NAFDAC, ta ɗauki wannan ma'auni na giram 2 a 2023. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda kaya da yawa da ke kantunan Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Amma doka a takarda daban, abin da ke kan teburin mai shayi daban. Shi kwashe botar yake daga babban bokitin da takardarsa ta daɗe da gogewa.

Da sallar da ta wuce na je gida. Na tarar da ɗan ƙanwata, mai shekara shida, riƙe da biskit na dala biyar, alhali ga kwanon ƙuliƙuli a gefe ba wanda ya taɓa. Na karɓi ledar na juya bayanta ina neman abin da aka haɗa. Rubutun ya yi ƙanƙanta, sai da na fita tsakar gida wurin haske. Uwarsa ta bi ni da kallo, ta ce, "Yaya, me kake nema a jikin leda?" Na fara yi mata bayanin Normann, sai na ga zancen zai yi nisa. Na tambaye ta ko har yanzu akwai mai yin man gyaɗa a unguwa. Ta ce saura mata biyu, kuma kwalbarsu ta fi ta man jarka tsada.