Tarihin Wayar Ɗebe wa Tsofaffi Kewa a Turai da Amurka

Galibi ana danganta asalin amfani da wayar tarho don tallafa wa mutumin da damuwa ta yi wa katutu da birnin Landan, inda a ranar 2 ga Nuwamba, 1953, wani limamin cocin Angilika mai suna Chad Varah ya amsa kiran farko a cocin St Stephen Walbrook. Lambar wayar ita ce MAN 9000. Abin da ya kai shi ga wannan aiki ya faru tun 1935, lokacin da ya jagoranci jana'izar wata yarinya da ba ta wuce shekara 14 ba. Yarinyar ta ga jinin al'adarta na farko, ta zaci muguwar cuta ce ta kama ta, ba ta da wanda za ta tambaya, sai ta kashe kanta. Varah ya daɗe da wannan abu a ransa, har ya yanke shawarar samar da lambar da duk wanda duniya ta yi wa zafi zai iya kira.

Darasin farko bai zo daga wayar kanta ba, daga bakin ƙofar ofishinsa ya zo. Mutane kan yi layi suna jiran ganin limamin, wasu 'yan sa-kai kuma suna zuba musu shayi, suna zama kusa da su suna saurare. Sai aka lura da yawa daga cikin masu jiran, bayan sun amayar da abin da ke cikinsu ga mai zuba shayi, sukan tashi su tafi gida ba tare da sun nemi ganin Varah ba. A watan Fabrairun 1954 ya damƙa aikin sauraren a hannun 'yan sa-kan. Ƙungiyar Samaritans ke nan, kuma ƙa'idarta ta zama gadon duk waɗanda suka biyo baya: a saurara, kada a yi wa'azi, kada a yanke wa mutum hukunci. Cikin shekara ashirin tsarin ya bazu: Jamus a 1956, Faransa a 1960, Ostireliya a 1963, Japan a 1971.

Sai dai waɗannan layuka an gina su ne bisa zaton cewa mai damuwa zai ɗaga waya da kansa. Wannan zato bai cika dacewa da tsofaffi ba. Dattijon da ya rasa matarsa, 'ya'yansa suka watse garuruwa, gwiwa ta hana shi fita, ba ya ganin halin da yake ciki a matsayin gaggawar da za ta sa ya kira baƙo. Yana jin nauyi, yana gudun ya zama kaya a wuyan wani. Ga shi kuma a ƙasashe da dama, maza masu yawan shekaru na cikin rukunin da kashe kai ya fi yawa a cikinsu. Wannan giɓi ne ya sa wani mai suna Patrick Arbore ya kafa Friendship Line a birnin San Francisco na Amurka a 1973, domin 'yan shekara 60 zuwa sama. Sunan kansa dabara ce. Layin abota ne, don haka mutum zai iya kira don hira kawai, ba sai ya amsa cewa yana da ciwo a zuci ba, a cikin hirar kuma mai saurare da aka horar yakan gano wanda ke cikin haɗari. Layin ya kuma ɗauki wani mataki da ya sauya fasalin aikin baki ɗaya: ma'aikatansa kan kira tsofaffi da kansu a lokutan da aka tsara, maimakon zaman jiran waya ta yi ƙara.

Wani babban gwaji na wannan salo an yi shi ne a yankin Veneto da ke arewacin Italiya. Tsarin yana da sassa biyu. Na farko 'yar na'ura ce da tsoho ke riƙewa a jikinsa, in ya faɗi ko jiki ya rikice ya danna, a kawo masa ɗauki ko da tsakar dare ne. Na biyu kira ne sau biyu a mako daga ma'aikaci, a tambayi lafiya, a ji ko an ci abinci, ko magani ya ƙare, sannan a ɗan taɓa hira. Likitan ƙwaƙwalwa Diego De Leo da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 18,641 da suka amfana da shirin daga 1988 zuwa 1998, akasarinsu mata ne da ke zaune su kaɗai. Bisa alƙaluman yankin, an yi hasashen kusan mutum 21 cikinsu za su kashe kansu a wannan tsakani. Shida aka samu. Binciken, wanda aka buga a 2002, yana da iyakarsa: ba a raba mutanen gida biyu ta hanyar ƙuri'a don kwatantawa ba, kuma amfanin ya fi fitowa sarari a wajen mata. Duk da haka yana cikin hujjoji mafi ƙarfi da ake da su cewa gaisuwar da ba ta yankewa tana iya tsare rai.

Faransa ta koyi nata darasin da tsada. Zafin watan Agustan 2003 ya hallaka kusan mutum 15,000, mafi yawansu tsofaffi, wasu a ɗakunansu babu wanda ya leƙa sai bayan kwanaki. Dokar da aka yi a 2004 ta wajabta wa magadan gari ajiye rajistar tsofaffi da naƙasassu masu buƙata, domin a riƙa tuntuɓarsu idan zafi ya tsananta.

A Birtaniya, 'yar jaridar talabijin Esther Rantzen, wadda ta kafa layin yara na Childline a 1986, ta ɗanɗani kaɗaici bayan rasuwar mijinta a shekarar 2000. Da ta yi rubutu a jarida game da halin da ta shiga, wasiƙun tsofaffi suka yi ta zuwa mata, kowa na cewa labarinsa ke nan. Daga nan aka haifi The Silver Line, wanda aka buɗe wa ƙasa baki ɗaya a watan Nuwambar 2013, kyauta, dare da rana. Wasu kan kira ne don kawai su samu wanda za su yi wa sai da safe kafin su kwanta. Akwai kuma tsarin haɗa tsoho da ɗan sa-kai guda, wanda zai riƙa kiransa sau ɗaya a mako, su yi hirar kamar rabin awa. Na'ura ce ke haɗa kiran, ta yadda babu wanda ke ganin lambar ɗan'uwansa, wannan kuwa kariya ce ga ɓangarorin biyu. A 2019 layin ya koma ƙarƙashin ƙungiyar Age UK, shekara guda bayan gwamnatin ƙasar ta ɗora wa Tracey Crouch alhakin kula da matsalar kaɗaici a matakin minista.

Ba kowane yunƙuri ne ya kai gaci ba. Wani gwaji a birnin Sheffield da ya so haɗa 'yan shekara 75 zuwa sama a zauren hira ta waya ya tsaya tun kafin wa'adinsa, saboda an kasa samun isassun 'yan sa-kai. Wannan shi ne lagon aikin a ko'ina. Sayen waya da layi abu ne mai sauƙi, samun mutumin da zai jure kiran dattijuwa ɗaya kowace Talata har tsawon shekara shi ne jan aiki.

Annobar korona ta 2020 ta kulle tsofaffi a gida, ta kuma ba masu bincike damar auna abin da aka daɗe ana yi bisa kyakkyawan zato. A birnin Austin na jihar Texas, an raba mutum 240 daga cikin waɗanda ake kai wa abinci gida zuwa rukuni biyu. Rukuni ɗaya ya riƙa samun kira daga matasa 16, 'yan shekara 17 zuwa 23, waɗanda aka ba ɗan gajeren horo kan saurare da yin tambaya a kan abin da tsohon ya kawo da bakinsa. A makon farko kullum ake kira, daga baya kowa ya zaɓi sau nawa yake so. Bayan mako huɗu, kaɗaici da ciwon damuwa da fargaba sun ragu a wajen waɗanda aka kira fiye da sauran. A Birtaniya kuma, masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York sun gwada wani salo mai tsari a kan mutum 435 masu fama da cututtuka na dindindin: zama har takwas ta waya, inda ake taimaka wa tsoho ya tsara ƙananan abubuwan da a da suke faranta masa rai, ya koma yin su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna raguwar damuwa da kewa bayan wata uku.

Wayar tana da inda ƙarfinta ya tsaya. Mai nauyin ji ko mai ciwon mantuwa ba ya cin moriyarta sosai, tsofaffin da 'yan damfara suka taɓa cuta kan ƙi ɗaga lambar da ba su sani ba, kuma mai kira ba ya ganin ramar jiki ko tukunyar da ta kwana uku ba a ɗora ba. Shi ya sa shirye-shiryen da suka ɗore suke horar da masu kira su gane alamun haɗari a murya da kalami, tare da ba su hanyar miƙa lamarin nan take ga likita, ma'aikacin jin daɗin jama'a ko motar asibiti.