Rumbunan ajiyar maniyyi da ƙwan mata: dokokin ƙasashe da matsayin malamai

Rumbun ajiyar maniyyi da ƙwai wuri ne da ake karɓar maniyyin namiji ko ƙwan mace, a gwada lafiyarsu, a daskarar da su cikin sanyi mai tsananin gaske, har ranar da za a ba waɗanda haihuwa ta yi wa wuya. Wani lokaci ma'aurata ne ke ajiye nasu don amfanin kansu. Wani lokaci kuma baƙo ne ya bayar, a ɗauka a ba wasu. Wannan na biyun shi ne inda ake saɓani.

Tun bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta da maniyyi a wajen mahaifa, malamai suka dubi lamarin. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa cewa aikin ya halatta idan maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta duba hanyoyi 7, ta haramta 5, ta halatta 2 waɗanda ba kowa cikinsu sai miji da mata. Hujjarsu kiyaye nasaba, domin a kanta ake gina gado, walicci, ciyarwa da sanin wanda ya haramta a aura.

Dokokin Tunisiya (2001) da Maroko (2019) sun bi wannan hanya: an hana karɓar maniyyi ko ƙwan wani, kuma ma'aurata kaɗai ake yi wa aikin. Turkiyya ta ƙara da hana ƴan ƙasarta fita waje neman haka a 2010. Iran ce ta fita daban, inda a 2003 majalisarta ta yi dokar da ta yarda ma'aurata su ba wasu ma'aurata ƙwan da aka riga aka haɗa, da izinin kotu.

A yawancin ƙasashen Turai an halatta rumbunan, amma dokokinsu sun daɗe suna fama da tambaya guda: shin yaro yana da haƙƙin sanin wanda ya fito daga tsatsonsa? Faransa ta buɗe cibiyoyin CECOS a 1973, dokarta ta 1994 kuma ta tsaya a kan cewa kyauta ake bayarwa, ba sayarwa, kuma sunan mai bayarwa sirri ne. Yaran suka girma, suka fara neman iyayensu, wasu har kotu. Dokar 2021 ta sauya tsarin: daga 1 ga Satumba 2022 ba a karɓa daga kowa sai ya yarda a bayyana sunansa ga yaron idan ya kai shekara 18 ya nema. Ingila ta riga ta yin haka tun Afrilun 2005, Suwidin kuwa tun 1985.

Akwai kuma batun adadi, wanda tsoron auratayya tsakanin ƴan uba ɗaya ya haifar. Faransa ta ƙayyade ƴaƴa 10 ga mutum ɗaya, Ingila iyalai 10. Sai dai dokar kowace ƙasa a iyakarta take tsayawa, maniyyi kuwa ana tura shi ƙasa zuwa ƙasa kamar kowace haja; kamfanin Cryos na Denmak yana aikawa ƙasashe masu yawa. A 2023 wata kotu a Holan ta hana wani mutum ci gaba da bayarwa bayan an gano ya haifi aƙalla yara 550, alhali ƙa'idar ƙasar a lokacin 25 ce. Ya yi ta yaudarar asibitoci da iyalai ta intanet, ba wanda ya san lissafin wani.

Ma'auratanmu da ke fita neman haihuwa su lura da ƙasar da za su je. A Tunis ko Kasablanka doka da kanta ta rufe ƙofar baƙon maniyyi. A ƙasashen da suka halatta, likita yana iya kawo shawarar a matsayin magani kamar kowane, don haka sai a karanta takardar amincewa da kyau kafin sa hannu, a nemi a rubuta cewa na miji da matarsa kawai za a yi amfani da su. A kuma tambayi makomar ƙwan da ya rage a daskare, domin jumhurun malamai sun hana dasa shi bayan saki ko rasuwar miji, kamar yadda suka hana ba da shi ga wasu.