Masarawan Dauri da Batun Lahira: Shaidar Kushewa da Shaidar Ɓarayi

Gabatarwa

A cikin al'ummomin dauri babu wadda ta yi suna wajen tanadin mutuwa kamar mutanen Masar. Sun shafe shekara kusan 3,000 suna gina kushewa, suna adana gawa, suna rubuta addu'o'in guzuri ga mamatansu. Saboda haka aka saba ɗauka cewa kowane Bamasare na wancan zamani ya sakankance akwai wata rayuwa bayan mutuwa. Makasudin wannan lacca shi ne a auna wannan zato da shaidar da su Masarawan suka bari da hannunsu, domin a ga ko ta gaskata shi ɗungurungum ko kuwa da saura. Shekarun dauri da za a ambata duk kintace ne na masana, kuma ana ƙirga su ne kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Abin da suka kashe

Hanya ta farko ta gane abin da mutum ya gaskata ita ce a dubi abin da ya kashe a kansa. Babbar dalar Giza, wadda aka gina wa Sarki Khufu wajen shekara ta 2560, tsawonta ya kai mita 146 sa'ad da aka gama ta, kuma an ƙiyasta duwatsunta sun haura miliyan 2. Wajen shekara ta 2350 aka fara sassaƙa addu'o'i a bangon dalar Sarki Unas a Sakkara, domin su taimake shi hawa sama. Da farko wannan gata na sarakuna ne da matansu. Bayan ƙarni kaɗan sai hakimai da attajirai suka shiga rubuta irinsu a jikin akwatunan gawarsu. Daga wajen 1550 kuwa aka koma rubuta su a takardar da ake yi da wata ciyawar bakin Nilu, watau papirus, ana binne ta tare da mamaci. Wannan shi ne abin da Bajamushen nan Lepsius ya raɗa wa suna Littafin Matattu a 1842.

A cikin littafin an zana yadda suke zaton hisabi zai kasance. Akan ɗora zuciyar mamaci a kan ma'auni, a ɗaya ɓangaren a ɗora gashin jimina, wanda shi ne alamar gaskiya da adalci, mamacin yana musun laifuffuka a gaban alƙalai 42. Idan zuciya ta gaza, akwai wata dabba mai kan kada da ƙirjin zaki da gindin dorina tana jiran ta haɗiye ta. Ita kuwa gawa akan yi kwana 70 ana gyaranta, a busar da ita da kanwa, a naɗe ta da lilin. Har gumaka ƙanana akan sa a kushewa domin su yi wa mamaci aikin gona a can, a wani zamani ma adadinsu yakan kai 401, watau ɗaya ga kowace rana ta shekara, da shugabanni 36 masu duba su.

Wasiƙu zuwa ga matattu

Mai musu yana iya cewa duk wannan alfahari ne na masu mulki, kamar yadda masu hali kan yi gasar gini a kowane zamani. Amma akwai wata shaida da ba ta da alaƙa da alfahari, ita ce wasiƙun da rayayyu suka rubuta wa matattu, waɗanda Gardiner da Sethe suka tattara suka buga a 1928. Ɗaya daga cikinsu an rubuta ta ne a jikin wani kwanon yumɓu da aka samu a Kau, yanzu yana London. Wani mutum mai suna Shepsi ne ya rubuta wa mahaifinsa a cikin kwanon, ya rubuta wa mahaifiyarsa a bayansa, yana tuna musu hidimar da ya yi musu, yana neman su shiga maganar gādon da ake yi masa ƙwace. Wata kuma tana Leiden ta ƙasar Holan. Wani jami'in gwamnati ne ya rubuta wa matarsa Ankhiry bayan rasuwarta, yana tuhumarta da hana shi sakat. Ya lissafa yadda ya aure ta tun yana matashi, bai sake ta ba sa'ad da ya sami girma, ya nemo mata mai magani da ta kwanta ciwo, ya kuma yi shekara 3 shi kaɗai bayanta. Daga ƙarshe ya yi mata barazanar kai ta ƙara gaban alloli. Wanda ya ɗauka matarsa ta zama ƙasa ba zai tsaya jayayya da ita haka ba, kuma wasiƙar ba don idon jama'a aka yi ta ba.

Muryar shakka

Duk da haka, a cikin kushewoyin nan ne aka sami muryar masu shakka. Akwai waƙoƙin da akan rubuta kusa da hoton makaɗi mai kaɗa wani irin molo mai tsirkiya da yawa. Wadda ta fi shahara an ce daga kushewar wani Sarki Intef aka kwafo ta, kuma tana cikin wata takarda da ke gidan adana kayan tarihi na Biritaniya. Abin da take nunawa shi ne kushewoyin magabata sun rushe, ba a taɓa samun wanda ya dawo da labarin can ba, dukiya kuma ba ta bin mai ita, don haka mutum ya ji daɗin kwanakinsa. Wannan magana ta bazu har sai da aka mayar mata da martani. A kushewar wani limamin gunkin Amun mai suna Neferhotep, a Tibis, wadda ita ce Luksor ta yau, wajen shekara ta 1300, an rubuta wata waƙa da ke zargin tsofaffin waƙoƙi da ɗaukaka duniya da raina makabarta, tana yabon lahira da cewa gida ne na adalci. Abin lura shi ne a wannan kushewa ɗin akwai wata waƙar mai kira ga jin daɗin duniya. Mutum ɗaya ne ya biya kuɗin sassaƙa duka biyun.

Shari'ar ɓarayi

Shaida mafi nauyi ta fito ne daga takardun shari'a. A shekara ta 16 ta mulkin Ramsis na Tara, wajen 1110, magajin garin gabashin Tibis, Paser, ya zargi takwaransa na yamma, Pawero, wanda makabarta ke hannunsa, da sakaci. Waziri Khaemwaset ya tura a duba kushewoyin sarakuna 10, aka tarar an fasa ɗaya, ta Sarki Sobekemsaf, amma na sauran manyan mutane an yi musu ƙarƙaf. Wani mai sassaƙar dutse, Amenpanufer, ya amsa cewa shi da abokansa, su 8, suka haƙa rami suka shiga, suka kwashe zinariyar da ke jikin sarkin da matarsa, sa'an nan suka cinna wa akwatunan wuta. Zinariyar ta kai deben 160, watau kusan kilo 14 da rabi, kowa ya sami 20. Ya ce an taɓa kama shi, sai ya miƙa rabonsa ga wani magatakarda aka sake shi, abokansa suka haɗa masa wani rabo, suka ci gaba da sata. Takardar da ke ɗauke da wannan iƙirari ta rabu biyu, rabi yana Amurka, rabi kuma sai a 1935 Jean Capart ya gano shi a Brussels.

A aƙidar Masarawa, hallaka gawa daidai yake da kashe mutum karo na biyu. To, ko ɓarayin nan kafircewa suka yi? Takardun sun nuna wani dalili da ya fi kusa, shi ne yunwa. Tun a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku ma'aikatan kushewar sarki suka ajiye aiki saboda ba a biya su hatsinsu ba. A wata shari'ar ɓarayi da ta biyo baya an tambayi wata mata inda ta sami azurfa, ta ce sha'ir ta sayar a shekarar kuraye, lokacin da ake yunwa. Ko a inda ba a shakkar hisabi akan sami ɓarawo, don haka sata ba ta isa hujjar rashin imani ba. Bugu da ƙari, bayan ƙarni ɗaya ko ƙasa da haka, hukuma da kanta ta kwashe dukiyar kushewoyin sarakuna, amma limaman da suka yi aikin sun sake naɗe gawawwakin, suka rubuta sunan kowa, suka ɓoye da yawa daga cikinsu wuri guda a Dair al-Bahri, inda aka fito da su a 1881, har da Ramsis na Biyu. Sun ɗauki zinariya, sun kiyaye gawa da suna, waɗanda a wurinsu su ne sharaɗin rayuwar lahira.

Kammalawa

Abin da shaidar nan ta tabbatar shi ne Masarawa sun gaskata da lahira, gaskatawar da ta ci musu dukiya, ta kuma shiga har cikin rigimar gādo da ta aure. Ta kuma tabbatar cewa shakka ta zauna tare da wannan imani, wani lokaci a bango ɗaya, kuma yunwa takan rinjayi tsoron hisabi. Sai dai wajibi ne mai nazarin tarihi ya tuna cewa masu iya rubutu a Masar 'yan tsiraru ne, kuma kusan duk shaidar da aka kawo tasu ce ko ta masu ɗaukarsu aiki. A makabartun talakawa na Amarna, waɗanda aka fara haƙawa wajen 2006, an tarar yawancin mutane a naɗe cikin ƙyalle da tabarma, ba a gyara gawarsu da kanwa ba, ba su da littafi, kayan da aka sa musu kaɗan ne. Waɗannan su ne mafi yawan al'umma, kuma abin da suka bari shi ne kula da suka yi wajen naɗe 'yan'uwansu kafin su rufe su da ƙasa.