Asalin Kalma: Kwanzaa

Kalmar Kwanzaa ta fito ne daga Suwahilanci, amma a Amurka aka raɗa wa bikin suna. A harshen Suwahili "kwanza" na nufin farko, kuma daga "matunda ya kwanza", wato 'ya'yan itacen farko na kaka, aka ciro ta. Maulana Karenga ne ya kafa bikin a 1966, shekara guda bayan tarzomar unguwar Watts ta birnin Los Angeles, domin baƙaƙen fatar Amurka su sami ranakun tuna tushensu na Afirka. An ƙara harafin "a" guda a ƙarshe, haruffan suka cika bakwai. Ranakun ma bakwai ne, daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu. Ba bikin addini ba ne, gwamnati ma ba ta ba da hutu dominsa.

Gaisuwar bikin ce ta fi burge ni. Mai gaisuwa zai ce "Habari gani?", ma'ana "ina labari?", sai a amsa masa da sunan ɗabi'ar da aka keɓe wa ranar. Rana ta farko Umoja, haɗin kai. Ta biyar Nia, ta ƙarshe Imani. Kunnen Bahaushe ba zai rasa gane waɗannan ba: niyya da imani ne, daga Larabci harsunan biyu suka aro su. Haka "habari" da "labari" tushensu ɗaya. Kowane dare ana kunna kyandir, ɗaya baƙi, uku ja, uku kore.