Damargu a Bakin Alƙalami: Daga Littattafan Hafsoshi Zuwa Na 'Yan Ƙasa

A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku suka sauka a Tagelel, cikin ƙasar Damargu, tare da ayarin gishirin Abzinawa. Nan suka raba hanya: James Richardson ya nufi Damagaram, Adolf Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Heinrich Barth kuma ya kama hanyar Tasawa zuwa Kano. Littafin Barth mai juzu'i biyar, wanda ya fara fitowa a 1857, ya nuna Damargu a matsayin rumbun Abzin, inda mutanen duwatsu ke zuwa awon gero. Yawancin marubutan da suka biyo bayansa haka suka ɗauki wannan ƙasa: zango ce tsakanin Agadas da Damagaram, ana ƙirga rijiyoyinta da hatsinta, a sha ruwa, a ɗaura kaya, a wuce.

A cikin wannan tafiya kuwa akwai wanda ya kalli Turawan da nasa idon. Dorugu, yaron da aka kama bawa daga ƙasar Damagaram, Overweg ya 'yanta shi, Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ya yi bayanin cimarsu da gidajensu da al'adunsu kamar yadda su ma suke yi wa namu. Sai dai muryarsa ta daɗe ita kaɗai, domin bayan masu leƙen hanya, masu bindiga ne suka zo.

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A farkon 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara, tana ƙone garuruwa. Ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan ƙare dangi a watan Mayu. Da Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsai da ita, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli kusa da Tasawa. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe hafsoshin biyu a wajen Mai Jirgi. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, bayan karon Tirmini. Ta arewa kuma Foureau da Lamy suka taso daga Aljeriya da raƙuma kusan dubu, suka rasa mafi yawansu a hanya, suka tsare rijiyoyin Agadas har aka ba su dabbobi, sannan suka ratsa Damargu suka isa Damagaram a watan Nuwamba.

Waɗanda suka yi yaƙin su ne suka fara rubuta labarinsa. Foureau ya fitar da littafin tafiyarsa a 1902, Meynier nasa a 1923, Joalland kuma a 1930. A shafukansu jarumi shi ne hafsa, abokan gaba ƙishirwa da rana, 'yan ƙasa kuwa ja-gora ne ko 'yan dako ko mahara. Joalland ya sa wa littafinsa sunan Dankori, wurin da Klobb ya faɗi, kuma wannan zaɓi kaɗai ya nuna mutuwar da ta dame su. An ɗora laifin Voulet a kan taɓin hankalin da zafin rana ke jawo wa Bature, aka wanke tsarin da ya tura rundunar ba da isasshen guzuri ba, ta ci da abin da ta ƙwata. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya yi tir da wannan ta'asa a 1900, ya nemi majalisa ta yi bincike, aka ƙi. A Birtaniya ma, Heart of Darkness na Joseph Conrad ya fito a mujalla daidai watannin da Voulet ke tafe. Ya tona zaluncin da ake yi a Kwango, amma baƙar fata a cikinsa kusan ba su da baki, abin da Chinua Achebe ya caccaka a laccarsa ta 1975.

Abin da mulkin Nasara ya yi wa Damargu bai tsaya ga ranar yaƙi ba, sannu a hankali ya riƙa cin ta. Kumandan ya zauna a Jajiduna, daga baya aka koma Tanut. Aka sa lanho a kan mutum da dabba. Aka riƙa karɓar raƙuma da ƙarfi don jigilar kayan soja, da yawa ba su komo hannun masu su ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da ke bin hamada zuwa Tarabulus suka koma bin teku, madugai da masu masauki suka rasa abin yi. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914. A cikin wannan ƙunci ne Kawsan, Ba'abzine na Ikazkazan wanda aka haifa a Damargu wajen 1880, ya komo daga Fezzan da makaman Sanusiyya. Da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917. Ramuwar Faransa ta yi muni: an kashe malamai a Agadas, an kwashe dukiya, jama'a da dama suka gangaro kudu. An rataye Kawsan a Murzuk a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Agadas a 1920. A rahotannin hafsoshi, ɗan tawaye ne kawai da baƙi suka zuga.

Martanin 'yan ƙasa ya fara ne da dabara. A Najeriya, Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ya sa gwarzonsa ya yaƙi Turawa, amma ya ƙare da yabon zamaninsu, domin ofishinsu ne ya buga shi. A Nijar, Ibrahim Issa ya wallafa Grandes eaux noires a 1959. Bayan 'yancin 1960 sai André Salifou, haifaffen Damagaram, ya rubuta tarihin masarautar a 1971, ya bi da littafi kan Kawsan a 1973, inda ya haɗa takardun gwamnati da abin da dattawa suka riƙe. Daga aikinsa ne Mahamane Bakabé ya shirya fim a 1982 kan yunƙurin tawayen 1906 a Damagaram, wanda ya jawo aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da ɗauri, ya fitar da Sarraounia, kan Sarauniya Mangu, a 1980. Matar da rahotannin soja suka taƙaita a 'yan layuka ta zama tutar ƙasa, musamman bayan fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Wannan gagarumin gyara ne, amma yana da iyaka. Mai ba da labari ya canza, taswirar kuwa tana nan: Lugu, Ƙonni, Dankori, fadar Damagaram, barikin Agadas. Har fim ɗin African Apocalypse na 2020, da ya saurari jikokin waɗanda aka kashe, sawun Voulet ya bi. Kuma kusan duk littattafan da Faransanci suke, harshen da yawancin mutanen karkara ba sa karantawa. Wanda ya fi zurfafa a kan fataucin Damargu da durƙushewarsa shi ne Stephen Baier, Ba'amurke, a littafinsa na 1980, kuma nazari ne na jami'a.

Makiyayan Tenhiya da na Belbeji, Fulani da Buzaye, da manoman da ke kudu da su, sun gamu da mulkin mallaka ne a bakin rijiya, ranar ƙirgar dabbobi, da ranar da aka zo ɗibar mutane aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946. Waɗanda suka gani da ido sun ƙare, saura 'ya'ya da jikoki da suka ji daga bakinsu. Jami'ar Damagaram, mai ɗauke da sunan André Salifou, ita ce mafi kusa da su. Ɗalibanta da marubutan Hausa, Tamashek da Fulfulde su ne ya kamata su ɗauko wannan labari tun masu riƙe da shi suna da rai, su rubuta shi da harshen da aka ba su shi.