Ruwan zuciya: cutar da kaska ke sa wa awaki da tumaki

Akwai wata cutar dabbobi da ake gane ta da ruwan da ke taruwa cikin jakar da ke lulluɓe da zuciya. Da Faransanci ana ce mata cowdriose, sunanta na Ingilishi kuwa ma'anarsa ruwan zuciya. Tana kama awaki da tumaki da shanu, amma ta fi yi wa ƙananan bisashe ɓarna. Ga mai kiwo a Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, abin da ya kamata a riƙe shi ne ciwon ba daga zuciya yake tasowa ba. Kaska ce ke kawo shi, kuma kwanakin da magani ke iya ceton dabba ba su da yawa.

Abin da ke kawo ta

Ƙwayar cutar sunanta Ehrlichia ruminantium. Wani masani ɗan Amurka, Edmund Cowdry, shi ya fara ganin ta a 1925 a cibiyar Onderstepoort ta Afirka ta Kudu. A Afirka ta Yamma, kaskar da ke ɗaukar ta ita ce Amblyomma variegatum, babbar kaskar nan mai dogon baki wadda namijinta ke da zane mai launi a baya. Ita ce kuma ke buɗa wa kirci hanya a fatar shanu. Takan sha jini sau uku a rayuwarta, kowane karo a jikin wata dabba, don haka ƙwayar da ta ɗauka tana ƙarama take zuba wa ta gaba. Manyanta sun fi yawa da damana.

Yadda take taɓa zuciya

Ƙwayar tana hayayyafa cikin bangon ƙananan jijiyoyin jini. Bangon sai ya riƙa yoyo, ruwan jini ya tsiyaye zuwa jakar zuciya, kogon ƙirji, huhu da ƙwaƙwalwa. Zuciyar da ruwa ya matse ba ta samun sararin cika kafin ta buga, jinin da ke zagaya jiki kuma ya ragu. Awon da aka yi wa ƴan maruƙa a Afirka ta Kudu a shekarun 1980 ya nuna jinin da zuciya ke turawa yana raguwa ƙwarai idan cutar ta yi nisa. Kumburin ƙwaƙwalwa shi ke kawo alamun da ke kama da hauka.

Alamomi

Bayan cizon kaska da kamar mako 2, dabba takan yi zazzaɓi mai zafi da kan wuce digiri 41. Sai ta bar cin abinci, numfashi ya yi mata wuya. Daga nan ta shiga tauna ba komai a baki, tana ɗaga ƙafa sama in tana tafiya, tana kewaya wuri ɗaya. A ƙarshe ta faɗi tana shure-shure, kumfa na fita daga hanci. Wata kuwa sai dai a wayi gari a tarar ta mutu.

Dalilin da ya shafi kudancin Maraɗi

Wannan kaska tana son laima da ciyawa, kuma kudancin jihar Maraɗi na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi sun ratsa yankin, dabbobi kuma na kai da kawo tsakaninsa da arewacin Najeriya. Dabbar da ta tashi inda cutar take takan samu kariya tun tana ƙarama. Baƙuwa daga busasshen wuri ba ta da wannan kariya. Saboda haka ragon da aka sayo daga arewa don a turke shi kafin babbar salla, ko akuyar da aka kawo wa mace daga nesa a matsayin jari, su ne suka fi buƙatar sa ido a watansu na farko. A ƙasar jar akuyar Maraɗi, mutuwar uwa ɗaya kan ɗauke nonon yara da kuɗin cefane.

Bincike da magani

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, A. A. Ilemobade ya yi bincike a kan cutar a shekarun 1970. Sai a 1985 aka iya raya ƙwayar a ɗakin gwaji. Har yanzu rigakafi na da wuya, domin ƙwayar iri-iri ce, kariya daga wani iri ba lallai ta yi aiki a kan wani ba. A cibiyar CIRDES ta Bobo-Dioulasso an lura cewa kaskar kan fara maƙalewa tsakanin kofato a wurin kiwo, sai dabba ta kwanta ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan aka samo dabarar bi da shanu cikin ɗan ramin ruwan magani da yamma in sun dawo gida.

Allurar oxytetracycline tana aiki idan an yi ta lokacin zazzaɓi. Da zarar dabba ta fara kewaye da shure-shure, da wuya ta tashi. Ma'aikacin kiwo ne zai auna magani da nauyin dabba, ya kuma faɗi kwanakin da za a ƙaurace wa nono da nama.

Ruwa a jakar zuciya shi kaɗai ba hujja ba ne. Ƙusa ko waya da saniya ta haɗiye kan huda tumbi ta kai ga jakar zuciya, tumfafiya ma tana da guba mai rikita bugun zuciya. Ana tabbatar da cutar ne ta duba ɗan ɓangaren ƙwaƙwalwa da madubin likita, ko ta gwajin PCR, kuma aika samfur zuwa ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LABOCEL, aikin ma'aikatan kiwo ne. Dabbar da ta mutu farat ɗaya kada a feɗe ta a gida: tana iya zama cutar saifa, wadda ke kama mutum. A sanar da ofishin kiwo na gunduma.