Motar Lantarki Ko Ta Fetur: Wace Ce Ta Fi Sauƙin Ci A Titunanmu Na Kudu?

Kwanakin baya gardama ta kaure a majalisarmu ta Agege bayan sallar isha'i. Wani abokina da ke haya da Corolla ya ce zai sayar da ita, ya haɗa da kuɗin filinsa na gida, ya sayi motar lantarki, domin mai sayarwa ya gaya masa daga ranar ya yi ban kwana da gidan mai. Wasu suka ce ya yi dabara, wasu suka ce ina wutar take. Ni da yake ni ke riƙe wa mahaifina littafin lissafin fataucin shanu, na saba da ganin yadda kuɗin mai ke cinye riba a hankali, sai na ce a ba ni lokaci in zauna da biro da takarda. Abin da na samu shi ne na kawo a nan, ko zai amfani wani.

Tambayar ta taso ne saboda tsadar mai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Amsar kuma a taƙaice ita ce: motar lantarki ta fi ta fetur tattalin ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ko za ta rage maka kashe kuɗi, wannan ya dogara da inda za ka samo wutar da kuma irin hanyar da kake bi.

Yadda ake auna cin kowace mota

Motar fetur ana auna ta da yawan litar da take sha a kilomita 100. Ƙaramar mota irin Corolla mai lafiyayyen inji takan sha lita 7 zuwa 8 a buɗaɗɗiyar hanya, a cikin gari kuwa ta kai 10 ko fiye. Motocin tokumbo da aka kawo daga Amurka suna nuna mil ne da galan. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, galan ɗin Amurka kuma lita 3.8. Idan allon motarka ya nuna mil nawa take yi da galan ɗaya, raba 235 da wannan adadin, za ka samu litar da take sha a kilomita 100. Misali mil 30 a galan ya kama kusan lita 7.8.

Ita motar lantarki ana auna ta da kilowat-awa, wato dai yunit ɗin nan da muke saye mu loda a mitar gida. Matsakaiciyar mota takan ci yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100.

Domin a kwatanta su, sai a san cewa ƙarfin da ke cikin litar fetur ɗaya ya kai kusan yunit 9 na wuta. Ke nan motar da ta sha lita 8 ta ƙone ƙarfin da ya kai yunit 70 da ɗoriya, alhali ta lantarki ta yi wannan tafiyar da ƙasa da yunit 20. Dalili kuwa, injin fetur yawancin ƙarfin man yana fita ne a matsayin zafi ta lagireto da salansa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai ke isa ga tayoyi, yayin da a motar lantarki abin ya haura kashi 77.

Abin da ke takarda daban, na kan titi daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kara ya san maganar dillali daban, abin da sikeli zai nuna bayan an yanka daban. Haka adadin da kamfani ke rubutawa a takardar mota yake. A ɗakin gwaji ake samo shi, motar na gudu a kan na'ura, babu rami, babu lodi, babu gosulo.

Gwajin ma iri-iri ne. Turai na amfani da WLTP tun 2017, Amurka na da na hukumar EPA, China kuma na da CLTC. Na Amurka ya fi kusa da gaskiya, na China kuwa ya fi zuzuta nisan da mota za ta yi, domin tafiyar sannu ta cikin gari ta fi yawa a cikinsa. Wannan yana da muhimmanci gare mu tunda yawancin sababbin motocin lantarki da ke shigowa yanzu daga China suke. Idan aka ce maka mota na yin kilomita 500 da caji ɗaya, tambayi da wane gwaji aka auna.

A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin da ke cikin motocin da mutane ke tuƙawa kullum. An gano motocin fetur da dizal suna shan mai sama da abin da ke takarda da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Motocin ruwa-biyu masu caji da fetur tare kuwa, shan mansu ya ninka na takarda fiye da sau uku, saboda masu su ba sa yawan caja su. Wannan fa a Turai ke nan, inda titi yake sumul.

Cikin gari da babbar hanya

A nan ne motocin biyu suke saɓawa da juna. Motar fetur ta fi wahala a cunkoso. Kana tsaye a Oshodi ko kan gadar Third Mainland, inji na ta juyawa, yana shan abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, musamman idan esi na kunne, ba ka motsa ko taku ɗaya ba. Ga shi duk lokacin da ka taka birki, man da ka ƙona ka ɗauki gudu ya tafi a banza.

Motar lantarki idan ta tsaya injinta ya tsaya, esi ne kawai ke jan yunit ɗaya zuwa biyu a awa. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki, injin yakan koma kamar janareta ya mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir. Shi ya sa gosulon Legas, Fatakwal ko Onica bai cika cutar da ita ba.

A babbar hanya kuwa labari ya canza. Iskar da mota ke tsagawa tana ƙara nauyi sosai da ƙarin gudu: idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ta ninka sau huɗu. Motar fetur a nan take samun sauƙi domin injinta ya fi son gudu ɗaya ba tsaye-tsaye, ita kuwa ta lantarki a nan batirinta ya fi saurin sauka. Ɗauki Hyundai Kona ta lantarki da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas aka ƙaddamar a Nuwamban 2020. Batirinta yunit 64 ne, an ce tana yin kilomita 482. Wannan ya kama kusan yunit 13 a kilomita 100. Idan ka saki gudu da esi da fasinjoji har cinta ya kai yunit 18, nisan ya dawo kimanin kilomita 355. Zuwa Ibadan da dawowa, wajen kilomita 260, ba matsala. Amma tafiyar sallah daga Legas zuwa Kano, kimanin kilomita 1,000, sai ka caja aƙalla sau biyu a hanya, kuma dole ka san wurin cajin tun kafin ka bar gida.

Lissafin naira

Farashi na canzawa, saboda haka ga misali, kowa ya sa nasa adadin. Mu ɗauka lita naira 900 ce, motar fetur kuma tana shan lita 9 idan an haɗa gari da hanya. Kilomita 100 ya ci naira 8,100.

Motar lantarki mu ce tana cin yunit 17. Amma ba duk wutar da ta fita daga mita ke shiga batir ba, kashi 10 zuwa 15 yakan ɓace wajen caji. Saboda haka mu lissafa yunit 20. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wutar masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi. Idan muka ɗauki naira 210, kilomita 100 ya kama naira 4,200. Kusan rabin kuɗin fetur ke nan.

To amma idan unguwarku ba wuta fa, sai ka tayar da janareta? Ƙaramin janaretan fetur idan ya yi ƙoƙari yunit 2 yake ba ka daga lita ɗaya. Yunit 20 zai ci lita 10, wato naira 9,000. Ka ga motar lantarkinka ta koma shan fetur fiye da Corollar da ka sayar, ga hayaniya, ga kuɗin gyaran janareta. Babban janaretan dizal ya ɗan fi, yakan ba da wajen yunit 3 a lita, amma shi ma idan ka lissafa kuɗin lita 7 na dizal ribar ta kusa ƙarewa.

Ga hanya mai sauƙi ta yanke hukunci. Raba kuɗin fetur ɗin kilomita 100 da yunit ɗin da motar lantarki ke buƙata. A misalinmu 8,100 a raba da 20 ya ba da naira 405. Duk wutar da ka samu ƙasa da naira 405 a yunit, ka ci riba. Wadda ta haura haka, gara fetur. Da wannan za ka auna farashin wuraren caji na kuɗi ma. Sola ita ce mafi arha bayan an kafa ta, kuma a kanta hukumar NADDC ta gina tashoshin cajin gwaji a 2021 a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabancinta. Sai dai solar da za ta ba mota yunit 10 zuwa 20 kullum ba irin ta kunna fanka da talabijin ba ce, jari ne babba.

Abubuwan da ake mantawa

Na farko lokaci. Soket ɗin bango yana ba da kilowat 2 zuwa 3 ne kawai, batir mai yunit 64 zai kwana ya yini bai cika ba. Na'urar caji ta gida mai kilowat 7 takan cika shi cikin awa 9 zuwa 10. Mu da yawancinmu ke gidan haya, mita ɗaya da maƙwabta, mota kuma na kwana a bakin titi, wannan tambaya ce babba.

Na biyu batir. Zafi yana tsufar da shi da wuri. Kamfanoni da yawa suna ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma tokumbo sau da yawa ta cinye wannan wa'adin. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da ruwan sanyaya batir, saboda haka sun fi saurin raguwa a ƙasa mai zafi. Kada ka saya sai an duba lafiyar batirin da kwamfuta a gabanka.

Na uku gyara. Motar lantarki ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, birkinta ma yana daɗewa. Amma Corolla ko a ƙauye ta tsaya za ka samu makanike, kayanta kuma cike suke a Ladipo. Ita kuwa ta lantarki masu gyaranta ba su yi yawa ba tukuna.

Na huɗu kuɗin saye. A misalinmu ana rage naira 39 a kowane kilomita. Mai yin kilomita 50 a rana, kwana 26 a wata, zai rage wajen naira 50,000 a wata, kimanin 600,000 a shekara. Idan motar lantarkin ta fi tsada da naira miliyan 6, sai ya shekara 10 kafin ya mayar da kuɗinsa. Direban haya mai yin kilomita 150 a rana kuwa, shekara uku da 'yan watanni sun ishe shi.

Akwai kuma ta tsakiya, wato ruwa-biyu marar caji irin Toyota Prius. Tana da ƙaramin batir da take cikawa da kanta daga inji da birki, tana shan wajen lita 5 a kilomita 100, kuma ba ruwanta da NEPA.

Auna taka motar da kanka

Kafin ka yanke shawara, cika tanki har famfo ya tsaya, ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya. Yi harkokinka na mako guda, ka koma ka sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Maimaita sau uku. Wani lokaci za ka tarar tayar da ba iska, matatar iska da ta toshe ko tsohon fulogi ne ke cinye maka kuɗi, kuma gyaransu bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar mota ba.

Shi abokin nawa, da muka zauna muka lissafa, aikinsa ya dace da motar lantarki, tunda kullum cikin gari yake kuma yana yin nisa. Matsalarsa ita ce gidan da yake haya wutar ba ta wuce 'yan awoyi a rana, kuma motar a waje take kwana. Na ce masa ya bar filinsa tukuna, ya fara nemo inda zai riƙa caji kullum da kuma nawa ake sayar da yunit a wurin. Idan ya samu ƙasa da naira 400 kuma wurin tabbatacce ne, sai a sake zama. Allah Ya sa albarka a nemanmu.